Daga Abuja Zuwa Suleja: Garin Da Sunansa Ya Ƙaura

Malam Edita ya daɗe yana bi na bashin rubutu, ni kuwa kullum sai in ce masa a bari sai fitowa ta gaba. Abin da ya hana ni zillewa bana shi ne wani abu da ya faru a ofishinmu, wanda ya tuno mini da wani darasi da aka koya mana a makaranta, a lokacin da yawancinmu muka ɗauki tarihi a matsayin darasin gyangyaɗi bayan an ci abincin rana.

Wata rana wani dattijo ya zo sashenmu a kan maganar kuɗin fanshonsa da aka tsayar. Da aka ɗauko fayil ɗinsa sai aka tarar wani abokin aikina, yaro sabon ɗauka, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wurin haihuwa, ya rubuta cewa a bincika. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne takardar ta ce an haifi mutumin a Abuja a 1958. Shi kuwa a iya saninsa a 1958 babu wata Abuja, daji ne kawai. Saboda haka ko dai shekarar ƙarya ce, ko kuma garin. Dattijon bai yi fushi ba. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ɗana, ni ban taɓa barin garinmu ba. Sunan ne ya tashi ya bar ni a can."

Garin da yake nufi shi ne Suleja ta Jihar Neja, inda ni ma nake haya shekara shida ke nan. Gaskiya dattijon ya faɗa. Shekara ɗari da hamsin garin yana amsa sunan Abuja kafin a ɗora bulo ɗaya a kan wani a babban birnin tarayya. Ban ga laifin yaron sosai ba, domin da ba don malaminmu na tarihi ba, Allah ya saka masa da alheri, da ni ma jan biron zan ɗauka.

Labarin a Zariya ya fara. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ɗan Ishaku Jatau shi ne na ƙarshe cikin sarakunan Haɓe da suka zauna a birnin, kuma jerin sarakunan ya ƙidaya shi a na sittin. A zamaninsa ne jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso ƙasar Zazzau, Malam Musa yana riƙe da tuta. Tsofaffin littattafai sun sa cin Zariya a 1804, amma masanan da suka zo daga baya suka daidaita shi da sauran yaƙe-yaƙen jihadi suka ce ƙarshen 1808 ne. Yadda mutanen Suleja suke ba da labarin, Makau yana filin Idi a bayan ganuwa aka auka masa, bai sami damar komawa cikin gari ba, sai ya yi kudu da waɗanda suke tare da shi. Waɗannan kuwa ba ƙananan mutane ba ne. Ranar Idi ce, saboda haka manyan masu sarauta da bayin sarki da makaɗa duk suna bayansa. Watau fada ce sukutum ta kama hanya, ba ta da gari.

Suka bi ta Kauru da Kajuru, ana bin su, har suka sauka a Zuba, garin Koro, kusa da dutsen Zuma. Ba da ka suka zaɓi wurin ba. Sarakunan Koro na wannan yanki sun daɗe suna kai gaisuwa Zazzau, saboda haka Makau wurin talakawansa ya je, kuma wuri ne mai duwatsu da kurmi inda doki ba ya sakewa. Rundunar da ta saba cin gari da sukuwa a filin Hausa, in ta zo nan sai ta sauka ta ja linzami.

Abin lura shi ne Makau bai gina gari ba. Ya yi shekaru yana zaman sansani, yana kai yaƙi nan da can, har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. A ganina mutumin bai taɓa fitar da rai daga komawa Zariya ba, wanda kuwa yake sa ran komawa gida gobe ba ya haƙa harsashi a gidan wani. Ƙanensa Abubakar da ya gaje shi, shi ne ya karɓi ƙaddara. A 1828 ya kafa gari a bakin kogin Iku, 'yan mil kaɗan arewa da Zuba, shekara ta zagayo ya fara gina ganuwa. Ranar da aka fara kwaɓa ƙasar ganuwar nan, ranar ce masu gudun hijira suka zama 'yan gari.

Abubakar mutum ne mai hasken fata, shi ya sa ake ce masa Abu Ja. Garin ma sai aka bi shi da sunan mai shi, kamar yadda muka saba da Gidan wane da Tungar wane da Unguwar wane a ko'ina cikin ƙasar Hausa. Garin Abu Ja ya zama Abuja. Kuma da yake Bahaushe yakan mai da Abu ya zama Habu, har gobe za ka ji tsofaffi da direbobi suna cewa Habuja. Yara 'yan boko sukan yi musu dariya, alhali kuwa su ne suka fi kusa da asalin kalmar. Ke nan sunan da yau ake bugawa a kan takardun jakadanci da tikitin jirgin sama laƙabi ne da aka yi wa wani ɗan sarki saboda launin fatarsa.

A nan ya kamata in tsaya in faɗi abin da masu ba da wannan labari sukan tsallake. Ƙasar da Abu Ja ya kafa garinsa ba kango ba ce. Akwai Gwari, waɗanda su da kansu Gbagyi suke kiran kansu, akwai Koro da Gade da Gwandara da Bassa, kowa da ƙauyensa da gonarsa da dutsen da yake fakewa. Sabon garin da gandun waɗannan mutane ya rayu, wanda ya ƙi kuma a kai masa hari, a kamo bayi. Sarki na huɗu a wannan zuriya tun daga Makau, watau Ibrahim wanda ya yi mulki daga 1877 zuwa 1902, laƙabinsa Dodon Gwari, kuma ba don wasa aka sa masa shi ba. Waɗanda aka kora daga Zariya su ma sun zo sun danne wasu. Duk wanda zai yi kukan abin da aka yi wa Abuja ta dā, to ya tuna da wannan, domin za mu sake haɗuwa da mutanen nan a gaba.

Abu Ja ya rasu a 1851, ɗan'uwansa Abu Kwaka, wanda ake kira Dogon Sarki, ya hau ya yi har 1877. A zamaninsa ne aka ɗan sassauta gaba, fatake suka fara shiga da fita tsakanin Abuja da Bida da Zariya. Daga waɗannan 'yan'uwa biyu gidajen sarautar garin suka samo asali. Abin da mutanen garin suka fi alfahari da shi kuwa shi ne duk tsawon ƙarnin nan ba a taɓa cin Abuja da yaƙi ba. Sarakunan Fulani na Zariya sun gwada, ba su shiga ba. Keffi da Nasarawa da Lapai da Bida duk masu tuta ne ko masu bin masu tuta, suna kewaye da ita, ita kuwa tana tsakiya ba ta bin Sakkwato.

Wannan ya haifar da wani abu da ya shafi maganar suna kai tsaye. Makau ya bar Zariya, amma bai bar sarautarsa a can ba. Shi da magadansa suka ci gaba da amsa Sarkin Zazzau, a Zariya ma wanda yake kan gado Sarkin Zazzau ne. Aka sami sarauta ɗaya a gari biyu, kuma haka abin yake har yanzu, shi ya sa ake cewa Sarkin Zazzau Suleja don a bambanta. Ba sunan kaɗai suka ɗauko ba, har da tsarin fada: Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu, da sarautun mata irin su Iya da Sarauniya. Da wani masani mai suna M. G. Smith ya so ya gane yadda ake mulkin Zazzau kafin jihadi, domin littafinsa Government in Zazzau da ya fito a 1960, Abuja ya dogara da ita, domin a can tsohon tsarin ya fi saura. Ashe garin tun kafuwarsa ma'ajiyar sunan wani wuri ne. Ya riƙe wa Zazzau ta dā sunanta fiye da shekara ɗari, sa'an nan aka zo aka karɓi nasa.

Abin da mahaya suka kasa, bindigar Turawa ta yi shi a 1902. Hujjar da suka kafa ita ce ana tare fatake a hanyar Lakwaja zuwa Zariya. Sarki Ibrahim ya rasa ransa a wannan karo, aka naɗa Muhammadu Gani. Bayansa Musa Angulu ya yi daga 1917 zuwa 1944, a zamaninsa ne aka fara haƙar kuza a ƙasar. Turawa suka fara sa Abuja cikin lardin Nasarawa, daga baya suka mai da ita lardin Neja. Daga nan sai ta zama irin garuruwan nan da ba a jin ɗuriyarsu: fada, da ofishin En'e, da kasuwa, da masaƙa da marina, da masu saƙar tabarma, manoma kuma suna kawo doya da dawa daga ƙauyuka. Jirgin ƙasa bai bi ta nan ba, ta Minna ya wuce zuwa Kaduna. Wanda aka yi wa canjin aiki zuwa Abuja a wancan zamani, 'yan'uwansa jaje suke yi masa.

Amma ƙaramin garin nan ya yi sa'ar sarki. Sulaimanu Barau, wanda ya hau a 1944, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin koyarwa kafin sarauta, a lokacin da sarki mai ilmin boko abin nunawa ne da yatsa. 'Yan'uwansa biyu, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, suka zauna suka rubuta tarihin garin da al'adunsa da Hausa, wani Bature mai suna Frank Heath ya fassara, aka buga a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja. Garuruwa da yawa da suka fi Abuja girma ba su sami 'ya'yan da suka yi musu wannan hidima ba. Yawancin abin da muka sani game da Makau da Abu Ja ta hannunsu ya zo mana, ko da yake mai karatu ya riƙa tunawa cewa 'ya'yan gidan sarauta ne suke ba da labarin gidansu.

Sai kuma maganar tukwane, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa. A farkon shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani maginin tukwane daga Ingila mai suna Michael Cardew, ta ce ya nemi wurin da zai kafa makarantar koyar da ginin tukwane na zamani. Ya zagaya ƙasa ya zaɓi Abuja, saboda akwai yumɓu da itacen wuta da ruwa, ga kuma sarki mai son abin. A gidan sarkin ne ya ga wasu manyan tuluna masu zanen ƙadangare da kada da kunama da kifi, aka ce masa aikin wata mata ce daga ƙauyen Kwali. Ita ce Ladi Kwali. A 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko da aka ɗauka. Ta koyi aiki da injin juyi da gashin wuta mai tsanani, amma ba ta bar ginin hannu irin na gida ba. Aka kai aikinta London, ita ma ta je Turai ta yi gini a gaban jama'a, a 1972 kuma ta zagaya Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, matar da ba ta taɓa zama a aji ba. Ta rasu a 1984. Kayan da aka gasa a makarantar ana buga musu hatimi, kalmar Abuja da rubutun ajami. Saboda haka tun kafin a san sunan a kan takardun gwamnati, ya riga ya ƙetare teku a gindin tukunya.

Wanda yake da takardar naira ashirin a aljihu, in har yanzu akwai mai ajiye ta, ya fito da ita ya duba. A baya Ladi Kwali ce zaune tana gini. A gaba kuma Janar Murtala Muhammed ne. Ban sani ba ko waɗanda suka tsara takardar sun lura, amma sun haɗa Abuja biyu a wuri guda: ta tukwane, da wadda ta zo ta karɓi sunanta.

A watan Agusta na 1975 Murtala ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda ya duba ko ya dace Legas ta ci gaba da zama babban birnin ƙasa. Legas ta cushe, ruwa ya hana ta faɗaɗa, tana ɗauke da gwamnatin tarayya da ta jiha a lokaci guda, ga ta kuma a can gefe guda na ƙasa. Bayan yaƙin basasa kuwa ana son wurin da yake tsakiya, wanda babu wata babbar ƙabila da za ta ce nata ne. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a watan Disamba. Ran 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya yi wa ƙasa jawabi ya ce za a ƙaura, a jawabin nan ne kuma aka mai da jihohi 19, har da Jihar Neja. Kwana goma bayan haka aka kashe shi. Doka ta 6 ta 1976 ta keɓe fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga ƙasashen da suka faɗa Neja da Filato da Kwara. Mafi yawansa daga ɓangaren Neja ya fito, mafi yawan wannan kuma ƙasar Sarkin Abuja ce.

To, ga inda gizo yake saƙa. Da aka ja iyaka sai aka bar garin Abuja kansa a waje. Dalilin a fili yake: ana son birnin da ba ya ƙarƙashin wani sarki, ba zai yiwu a sa fada mai shekara ɗari da hamsin a cikinsa ba. Zuba, inda Makau ya fara sauka, ta shiga. Kwali, garin Ladi, ta shiga. Bwari da Kuje da sauran gundumomin da suke kawo haraji duk suka shiga. Sarki ya wayi gari da fadarsa da ganuwarsa, ƙasar kuwa ta tafi. Sa'an nan aka dawo aka ce sabon birnin ma da sunan Abuja za a kira shi. Gari biyu maƙwabta ba za su amsa suna ɗaya ba, dole ɗaya ya saki, kuma kowa ya san wanda zai saki. Sarki Sulaimanu Barau ya amince. Kafin shekarun 1970 su ƙare tsohon garin ya koma Suleja, shi kuma sarkin ya rasu a 1979, bayan shekara 35 a kan gado.

Sabon sunan yana da wata dabara da ta cancanci a yaba. An ɗauki Sule daga Sulaimanu, aka liƙa masa wutsiyar tsohon sunan. A Abuja, "ja" siffa ce, tana gaya maka kamannin mutum. A Suleja kuwa aikinta ɗaya ne, ta tuna wa mai ji cewa nan ne garin Abu Ja. Kamar mutumin da aka karɓi rigarsa ya roƙi a bar masa aljihu. Kuma an bi tsohuwar al'ada, gari ya sake ɗaukar sunan sarkinsa.

Na sha jin gardama a majalisun Suleja a kan ko kyauta aka yi ko ƙwace. Masu cewa kyauta suna nuna cewa sarkin mutum ne mai hangen nesa da kishin ƙasa, ya san sunan kakansa zai kai inda shi garin ba zai taɓa kai shi ba. Masu cewa ƙwace suna tambaya, a zamanin soja wane sarki ne zai ce a'a? Ni dai ina ganin duka biyun suna da ƙamshin gaskiya. Abin da ba zai iya hanawa ba ya bayar da hannu biyu, wannan kuwa ita ce hikimar da ta raya gidan tun daga Zuba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce garin bai yi asarar kome ba tun da suna iska ne.

A farkon aikin, Suleja ce ta goyi sabon birnin. Hukumar raya babban birnin tarayya a nan ta kafa sansaninta, domin a can babu ɗaki babu hanya, unguwar kuma har yau Field Base ake ce mata. Injiniyoyi da masu awon ƙasa da lebura a nan suke kwana, da safe su shiga daji. A hankali birnin ya tashi, ma'aikatu suka riƙa tarewa, har ran 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya baro Legas ya tare. Daga ranar, in aka ce Abuja, babu wanda zuciyarsa take zuwa bakin kogin Iku.

Abin da Suleja ta samu shi ne jama'a. Duk wanda albashinsa bai kai ya kama ɗaki a birni ba, irina da irin da yawa daga cikin 'yan ajinmu, nan yake gangarowa. Garin ya cika ya batse, gidaje suka haye duwatsu, gonaki suka zama filoti, kuɗin haya ya tashi, ruwa da hanya da makaranta kuwa suna nan a kan kasafin ƙaramar hukuma ta Jihar Neja. Muna kwana a Neja, muna zubar da shara a Neja, ƙarfinmu kuma yana tafiya birni. Kullum bayan sallar asuba muke fita, mu bi ta Madalla, mu wuce gindin Zuma, mu shiga cunkoson Zuba, sa'an nan Dei-Dei da Kubwa. Shi kansa dutsen Zuma, wanda aka sa a bayan takardar naira ɗari, a Jihar Neja yake, amma tambayi mutum goma, tara za su ce maka dutsen Abuja ne. Da can wannan amsa daidai ce. Yanzu kuskure ce, ko da yake dutsen bai gusa ko taki ɗaya ba.

Na yi alkawarin za mu sake haɗuwa da Gwari da maƙwabtansu. Garki da Wuse da Maitama da Jabi da Utako, waɗanda yau sunayen unguwannin masu hali ne, sunayen ƙauyuka ne na manoma. Shirin farko shi ne a kwashe kowa da kowa a fitar da su daga yankin, amma da aka ga yawan mutanen da yawan kuɗin diyya sai gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya shawara a 1978, aka ce sai waɗanda gini ya taka kawai. Mutanen Wuse suna cikin waɗanda aka tayar, aka kai su bakin hanyar Kaduna cikin Jihar Neja, wurin da ake kira Sabon Wuse. Su an bar sunan a wurinsa an ɗauke mutanen, a Suleja kuma an bar mutanen an ɗauke sunan. In an auna, tasu asarar ta fi nauyi nesa ba kusa ba, domin gona da kushewar kakanni suka bari, kuma ba su da fada ko littafin da zai riƙe musu labari. Sau da yawa in na ji ana cewa an gina Abuja a kan fili wanda ba na kowa ba, nakan tuna da wannan.

Asarar Suleja irin wadda ba a gani da ido ce. Ɗalibi ya shiga intanet ya nemi tarihin Abuja, abin da zai fara cin karo da shi 1976 ne da Aguda da Murtala. Ya ga littafin Malam Hassan da Malam Shu'aibu a kanta, ya ɗauka labarin gine-ginen gwamnati ne. Baƙo ya ga tukunya mai hatimin Abuja a gidan tarihi a Turai, ya zo yana neman inda aka gina ta a tsakiyar birni, a nuna masa titin da aka sa wa sunan Ladi Kwali, alhali wurin da ta zauna ta yi aikin yana Suleja. Duk abin da garin ya tara a ƙarƙashin tsohon sunansa, yaƙinsa da sarautarsa da sana'arsa, ya bi sunan ya tafi gidan da ba a san shi ba. Ga kuma dubban mutane da takardun haihuwarsu da na makaranta da na ɗaukar aiki suke ɗauke da Abuja ta dā, waɗanda yanzu suke shekarun karɓar fansho, suna zuwa gaban yaran da aka haifa bayan 1991.

Ina roƙon malamanmu da suke koyarwa har yanzu, da 'yan'uwanmu da suka gaje su a aji, in an zo darasin babban birnin tarayya a ƙara minti goma a faɗi abin da ya gabaci 1976. In kuma ƙungiyarmu za ta sake shirya wa ɗalibai ziyarar buɗe ido zuwa Abuja, a tsaya a Suleja ko da na rabin yini ne, a gaida fada, a ga inda aka yi makarantar tukwane. Motar ma ta kusa da nan take bi.

Shi kuwa dattijon nan, na ɗauki fayil ɗinsa na rubuta bayani a gefe cewa Abuja da ke cikin takardar ita ce Suleja ta yanzu, na sa hannu, shugaban sashenmu ya sa nasa. Duk da haka sai da ya ƙara wata biyu yana zirga-zirga kafin kuɗinsa su fito. Ranar da ya zo yi mana godiya na raka shi bakin ƙofa, na ce, "Baba, yanzu in an tambaye ku garinku, me kuke cewa?"

Ya yi dariya ya ce, "In tsarana ne, Abuja. In kwandasta ne, Suleja. Sau ɗaya na manta na ce masa Abuja, ya sauke ni a Berger."